Aikin Ƙari

Saura kwana biyu a yi mini aiki, na kasa zama wuri ɗaya ko na minti biyar. Tun safe na share ɗaki sau biyu. Na zazzage jakar asibitin da na shirya jiya, na sake shirya ta, na ɗora takardun gwajin jini a sama, can kuma na mayar da su ƙasa. Ba wuƙar likita ce ta hana ni sukuni ba. Kalma ɗaya ce na faɗa wa mahaifiyata mako guda da ya wuce, ta ji ta a baibai, ni kuma na yi shiru na bar ta a haka.

Sunana Sa'ida, tela ce ni, shekarata talatin da huɗu, 'ya'yana biyu, kuma dukansu da mama ɗaya na shayar da su, don shi kaɗai gare ni. Ina shekara bakwai man suya ya zubo mini a ƙirji a tsakar gidanmu na Mandawari. Gidanmu gidan alkaki ne a da. Kakanninmu da hannunsu suka zo da shi daga Tarabulus, kuma duk garar da za a kai a unguwar sai an biyo ta wurin Umma. Rannan ta sauke kasko daga murhu ta juyo, ni kuma na sheƙo a guje ina bin kyanwa. Fatar ta warke, amma ta tattare ta ɗaure. Da sa'annina suka fara ƙirgen dangi, ɓarin hagu ne kawai ya amsa mini, na dama ya yi kwanciyarsa.

Tun daga ranar Umma ba ta ƙara soya alkaki ba, ba ta kuma taɓa ɗauko maganar ba. Ni ma ban ɗauko ba. Ina shekara goma sha uku na yanki soson da teloli ke sa wa a kafaɗar riga, na ɗinke shi cikin rigar mama, kuma gaskiya abin da ya fara kai ni kan keken ɗinki ke nan. Shekara ashirin da ɗaya ina fama da soson nan a zafin Kano. Ya jiƙe da gumi, ya fesa mini ƙuraje, in na yi sujada ya zame, in na ɗago sai na saci idon mutane na gyara. Na gaji. Ba mijina ne ya ce in yi ba, ba kuma wani nake so in burge ba. So nake in sa riga da safe in manta da ita har yamma kamar kowace mace.

Na samu likita mace a wani asibiti mai zaman kansa, ta duba ta ce za ta sassauta tabon ta saka jakar silikon, wata roba mai laushi, a ƙarƙashi, wataƙila ma sai an koma karo na biyu. Na tambayi malaminmu na Islamiyya ta bayan labule, ya ce gyaran abin da ya nakasa ba canza halitta ba ne. Komai ya tafi daidai. Saura Umma, domin a wurinmu ba a kwanciya a gadon aiki ba tare da uwa ta sa albarka ba.

Na haddace jawabina tun a cikin adaidaita sahu. Na same ta tana tsinke zogale a faranti, na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na tambayi awakin maƙwabta, na tambayi duk abin da ake tambaya har ya ƙare.

"Umma, za a yi mini aiki ranar Alhamis ta sama."

Ta ɗago. "Aikin me?"

Jawabin nan kaf ya bi iska. Abin da ya rage a bakina shi na faɗa.

"Aikin ƙari ne. A mama."

Ni nufina ƙari, wato a ƙara abin da babu. Na manta shaf cewa a garin nan in an ce mace tana da ƙari a mama, to kullutun nan ake nufi, wanda ake yankewa a kai gwaji. Kuma da irinsa ƙanwar Umma, Inna Zuhra, ta fara, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, kafin shekara ta zagayo muka yi zaman makokinta. Farantin ya suɓuce daga cinyar Umma. Ta yi salati a hankali, ta kama hannuna ta riƙe.

Na gane a take cewa ta ji ba daidai ba. Jumla ɗaya ce za ta gyara komai. Amma cikin jumlar nan akwai kasko, akwai mai, akwai hannun da ya riƙe kaskon, kuma hannun ne yake riƙe da nawa. Sai na ji bakina ya ce, "Likita ta ce ba abin tsoro ba ne." Gaskiya ce kuwa, ta faɗi haka. Na taso na tafi gida ina gaya wa kaina gobe zan koma in warware.

Goben ba ta zo ba, yayata Hauwa ta riga ta. Yaya Hauwa irin mutanen nan ce da in ka ba su sirri da hantsi, kafin azahar sun sa an yi masa addu'a a masallatai uku. Umma na gaya mata ta saka a zauren WhatsApp na dangi, aka rarraba izu-izu don saukar Alƙur'ani. Wayata ta koma kamar ta ofishin 'yan kwana-kwana. Matan da muka yi cacar baki da su kan ɗinkin Sallah duk sun bugo suna neman in yafe musu, har da wadda ta ce na cinye mata yadi guda na leshi. Haka ake yi, wanda za a shigar ɗakin aiki a nemi yafiyarsa, shi ma ya nema, don ba a san ko zai fito ba. Ni kuma ina ta rabon yafiya kamar goron biki, kunya tana cin raina.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne Umma ta ɗauki azumi, kullum, har sai an yi aikin. Mace mai ciwon suga, wadda ko na watan Ramadan likita ya hana ta.

Da yammacin ranar nan da ya rage saura kwana biyu, ina tsaye gaban madubi Muttaka ya shigo. Shi ne mijina, malamin makaranta ne, kuma shi kaɗai ya san gaskiyar magana. Likita ta ce in zuba shinkafa a safa in gwada a cikin riga don in ga girman da zai yi daidai da na hagu. To ga ni da safar ɗana Yusuf ta makaranta cike da shinkafa, ina awo da gwangwanin madara.

"Yau kuma a nan za a dafa mana?" in ji shi.

"Abban Yusuf, ba na son wasa."

"Na ga alama." Ya zauna a bakin gado yana cire takalmi. "Na biya ta Mandawari. Umma ta rame, Sa'ida. Ta riƙe ni tana tambaya ko akwai abin da likita ta gaya mini ta ɓoye miki."

"Me ka ce?"

"Na ce ta kwantar da hankalinta. Ni ma kin mayar da ni maƙaryaci, da gemuna."

"Ban yi ƙarya ba. Ƙari na ce, kuma ƙari za a yi."

"Ki je ki faɗa wa alƙali haka, wataƙila ya sake ki. Umma ba alƙali ba ce."

Na ji haushinsa sosai, don ya fi ni gaskiya. Na zare safar na jefa a kan gado, bakinta ya kwance, shinkafa ta watsu a zanin gado. Muka tsaya muna tsincewa. Can ya ce in ina so zai je ya faɗa mata da kansa. Na ce a'a. Ta yaya suruki zai zauna gaban surukarsa yana maganar ƙirjin 'yarta? Ai sai ƙasa ta tsage su shige su biyu.

Da safen Laraba na je asibiti ganin ƙarshe. Likitar ta lissafa mini dokoki: daga tsakar dare ba ci ba sha, kada in shafa mai ko turare, in zo da riguna masu maɓalli ta gaba don ba zan iya ɗaga hannu ba. Waɗannan na riga na ɗinka guda huɗu, biyu ma don rashin abin yi da hannuna na ɗinka su. Sannan ta tambayi wa zai yi jinyata.

"Mahaifiyata ta ce ita za ta zauna."

"Madalla. Ki zo da ita da wuri, in nuna mata wurin da yadda za ta riƙa kula da shi."

Na ce to. Na fito na tsaya a bakin titi, adaidaita uku suka tsaya suka wuce ban san inda zan ce a kai ni ba. Ke nan gobe war haka wata baƙuwa mai farar riga za ta buɗe ƙirjina gaban Umma, ta yi mata bayani da murmushi. Na koma gida, na zauna kan keke, na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Da aka kira la'asar na yi salla na ɗauki mayafi.

Daga gidanmu a Ƙofar Nassarawa zuwa Mandawari ba nisa, amma na sa aka sauke ni tun a bakin titi na shiga lungu da ƙafa, ina tsallake kwata, ina gaisawa da duk wanda ya kalle ni. Kowa kuma da irin kallon nan na tausayi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kama hannuna ta tofa mini addu'a. A soron gidanmu malamai huɗu na zaune kan tabarma suna ƙarasa sauka. Na durƙusa na gaishe su, na ji kamar ɓarauniyar da aka yi wa shimfiɗa.

Yaya Hauwa ta tare ni a tsakar gida da ludayi a hannu, tana dama kunun sadaka.

"Gara da kika zo. Jiri ya ɗebe ta ɗazu wajen alwala, da ƙyar na tare ta. Na yi na yi ta karya azumin nan ta ƙi. Ke kuma kada ki shiga ki yi mata kuka."

"Ba kuka na zo yi ba, Yaya."

"To me ya sa fuskarki haka? Ki yi tawakkali mana."

Na wuce ta. Umma na zaune a ƙasa cikin ɗakinta, ta baje kayan jinya a gabanta: bargo, filas, buta sabuwa, carbi biyu. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Ta yi mini murmushi, irin wanda ake yi wa mara lafiya, shi ne ya ƙarasa karya ni. Na zauna daf da ita ban ko gaishe ta yadda ya kamata ba.

"Umma, ba ni da ƙari."

Ta dube ni. "Sun sake gwaji?"

"Ba a taɓa samun komai ba. Lafiyata ƙalau. Ni ce na faɗi magana ba daidai ba, na ga kin ji ta wani iri, na kasa gyarawa."

"Babu kullutu?"

"Babu."

"Rantse."

"Wallahi babu, Umma."

Ta juya ta fuskanci gabas, ta kai goshinta ƙasa a kan ledar ɗakin, ko sallaya ba ta nema ba. Ta daɗe a haka, kafaɗunta suna motsi. Da ta ɗago fuskar ta canza, ta koma Umman da na sani, wadda kallonta kawai ke sa mu shiga taitayinmu.

"Kwana takwas, Sa'ida. Kwana takwas ina kallon ɗakin da aka wanke Zuhra."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani ba ki yi ba." Ta goge ido da bakin zani. "To aikin me za a yi miki, tunda lafiyarki ƙalau?"

Ga jumlar ta iso, ba sauran lungun da zan bi in kauce mata.

"Ƙara mini za a yi. Na dama. Inda man ya zuba."

Shekara ashirin da bakwai ba a ambaci man nan a gidan ba. Ina jin karatun malamai daga soro, ina jin ludayin Yaya Hauwa yana bugun tukunya. Umma ta kalli kayan da ta baje, ta ɗauki butar ta matsar da ita gefe ba dalili.

"Tashi ki sa sakata," ta ce.

Na sa.

"Buɗe in gani."

Rabon da ta ga jikina tun ina shekara goma sha ɗaya. Ko da na zo wankan jego na haihuwar Yusuf, tsohuwa ta ɗauko ta yi mini, kuma in zan ba yaro mama sai ta tuna tana da aiki a madafi. Na cire mayafi, na zuge rigar, na zare rigar maman. Soson ya faɗo a cinyata. Ta ɗauke shi ta jujjuya, ta bi ɗinkin da yatsa, sannan ta ɗaga ido ta kalli wurin.

Ba ta yi salati ba, ba ta kau da kai ba. Ta miƙo hannu ta ɗora tafinta a kan tabon, a hankali, kamar mai taɓa goshin yaro ta ji ko da zazzaɓi.

"Ko kaɗan bai fito ba," ta ce.

"Ko kaɗan."

"Ina ganin riga ta cika, sai in ce Allah ya rufa asiri. Raina yana gaya mini ba haka ba ne. Na ƙi tambaya." Ta ɗago ta dube ni. "Zan gaya miki wani abu, Allah ya gafarta mini. Ranar da kika ce ƙari, na ji kamar an zare mini laka. Amma can ƙasan zuciyata akwai inda ya ji sauƙi. Na ce wannan ciwon dai daga Allah ne, ba hannuna ba ne."

Ban taɓa jin Umma ta faɗi abin da ya rage mata girma ba, ko a gaban mahaifinmu.

Aka taɓa ƙofa. Yaya Hauwa ce tana tambaya ko lafiya aka sa sakata. Umma ta ce ta ba mu wuri, mutanen waje kuma ita za ta ji da su, ba ruwan kowa da jikin 'yarta. Ta dawo da idonta kaina, hannunta yana nan inda ta ɗora shi.

"Ki yafe ni, Sa'ida."

Ni da na zo neman gafarar abin da na yi mata. Bakina ya ɗauko "ba komai" da kansa, yadda na yi ta raba wa mutane duk makon nan ba tare da na ji komai ba. Sai ta maƙale. Na ji wani ɗaci ya taso mini wanda ban san ina ɗauke da shi ba, kuma na ji haushi, haushi na gaske, a kan tsohuwar nan mai busassun leɓɓa da nake ƙauna fiye da kowa.

"Akwai komai, Umma," na ce.

Na gaya mata ranar da na fara yanka soso da reza a bayan ɗaki, na yanke yatsa, na ce mata ƙofa ce ta datse ni. Na gaya mata yadda nake jira kowa ya gama wanka a makarantar kwana kafin in shiga. Na gaya mata yadda na yi mako biyu kafin aurena ina neman wanda zai gaya mini abin da zan ce wa miji, ina zagaya ƙofar ɗakin nan ina komawa. Ban tsaya ba, ita kuma ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

"Man ban taɓa riƙe ki da shi ba, ni na sheƙo a guje. Shirun ne. Ke kaɗai kika san abin da ya same ni, kuma ke kaɗai ce ba zan iya gaya wa ba. Shi ne na kasa yafewa, Umma. Ina so, amma in na ce na yafe yanzu wata ƙaryar ce."

Na jira ta yi fushi, ko ta tuna mini gobe za a sa ni barci, ba a shiga da riƙo a zuciya. Ta gyaɗa kai kawai, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Ta ɗauke hannunta, ta jawo rigata ta rufe mini kafaɗa.

"To kada ki yafe yau," ta ce. "Ba na son irin wadda ake bayarwa a ƙofar ɗakin aiki. Ki shiga ki fito, ki warke, ki zo nan ki zauna. Ina jiranki."